Fara Ba Ta da Ƙofa

Ranar da fuskar na'urar ta mutu, Nehemiya bai gaya wa kowa ba, har matarsa Susana. Ya danna maɓalli, ya ji cikinta ya ɗauki gurnani kamar kullum, ƴar fitilar gefe ta kama, amma gilashin ya tsaya baƙi ƙirin. Ya kashe, ya kunna. Ya ɗauke ta ya ɗora bisa faifan randa, inda ya saba ajiye ta ta sha sanyi in zafin bazara ya rikita ta. Ya sake kunnawa, babu labari. Gumi ya keto masa, domin a cikin na'urar nan akwai wata waƙa guda wadda babu ita ko'ina a duniya, kuma mai ita ya riga ya ce ba zai ƙara rera ta ba.

A Madawa ba kowa ya san sunan Nehemiya ba, Sakatare ake ce masa. Haifaffen Sabon Gida ne, amma a gindin asibitin mishan ya tashi, inda ubansa yake wankin zannuwan marasa lafiya. Can ya koyi buga mashin ɗin rubutu a biro, wato ofis, can kuma aka koya masa abin da ya zame masa hali har tsufa: abin da ka buga na mutane ne, ba naka ba, ya shiga ta kunne ya fita ta yatsa, kada ya kwana a kai. Ya riƙe wannan horo har ya wuce gona da iri. Kana iya ba shi sirrin cikinka ya buga maka da safe, da la'asar ka tambaye shi me ka ce, ya tsaya yana kallonka kamar bai taɓa ganinka ba. Saboda haka ne da ya bar asibiti ya kafa tebur kusa da tashar mota, mutane suka yi ta zuwa. Mai neman aiki, mai ƙara, mai aika wa ɗansa saƙo a Abijan, kowa ya san maganarsa ba za ta bi shi kasuwa ba.

Na'urar kuwa ba tasa ba ce tun asali. Ta surukinsa ce, Baba Yosefu, tsohon mai bishara, wanda aka haifa a wani ƙauye na Adar da sunan Yaro, a gidan da ake yanka wa iskokin gona jan zakara. Ya zo asibiti da gyambo yana saurayi, ya warke, bai koma ba. Shekarunsa duka ya yi su yana ɗaukar muryoyin waƙar noma da ta daka da ya ji a bakin uwarsa yana zuba musu kalmomin sujada. Wata Baturiya mai jinya da ya koya wa Hausa, da za ta koma ƙasarsu, ta bar masa ordinatar ɗinta ta hannu, wato kwamfuta, fara, siririya, sumul kamar ƙwai, ta ce a zuba waƙoƙinsa ciki kada su bi shi kabari. A lokacin idanunsa sun riga sun tafi. Sai ya sa aka kira mijin ƴarsa.

“Sakatare,” in ji shi, “wagga aba amana ta. An ba ni, ni kuwa na ba ka. A riƙa ta da kyau.”

Nehemiya yana tsugune bakin ƙofa, takalmansa a waje, ya ce, “To, Baba.” Kusan iyakar abin da ya taɓa ce wa tsohon ke nan tun da ya auri Susana. Ba ya cin abinci a gabansa, ba ya kiran sunansa, ba ya haɗa ido da shi, ko da yake idon ba ya gani. In yana da magana, ta bakin Susana take bi. Kiristanci bai rage wa mutanen nan kunyar surukai ko ƙwayar gero ba.

Duk Lahadi bayan sujada yakan kai Fara, haka suke kiranta, gidan tsohon. Baba Yosefu ya miƙa hannu, ya shafa bayanta tun daga wannan kusurwa har waccan, ya yi addu'a, sa'an nan ya fara rerawa, yatsun Sakatare na bin sa. Wata Lahadi ya kori kowa daga gidan, har Susana ya aike ta kasuwa sayen abin da ba ya bukata. Ya ce yau ba ta sujada ba ce. Ya yi waƙar matarsa da ta daɗe da rasuwa, wadda bai taɓa kiran sunanta ba tun ranar aurensu, sai dai ya ce uwar Titus, da sunan ɗansu na fari. A cikin waƙar ya kira ta Salome, ya sake kira, yana kuka a gaban surukinsa kamar ba suruki ba. Da ya gama ya share fuska.

“Na sauke ta,” ya ce. “Shekara da shekaru nika ɗauke da ita. Ta zamna nan ciki. Ran da babu ni ka ba ɗiyanta, kahin nan kowa kash shi ji. Kuma kak ka ƙara ce mani in yi ta, ba ni iyawa.”

To, a nan Nehemiya ya yi sakacin da ba mai iya wanke shi. Tun kafin wannan rana bakin da ake sa wa Fara disket ya daina karɓa, batir ya mutu, in kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke ita ma ta ɗauke. Ya san haka sarai. Yana iya zama da alƙalami ya kwafe waƙar daga gilashi zuwa takarda, amma kunya ta hana shi sake buɗe ta, yana ganin kamar leƙen ɗakin surukai ne. Ya ce sai ya sayi injin fitar da takarda tukuna, ya yi ta tara ƴan kuɗi don haka. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, shi kuwa bai ma nemo goran ba har tafiyar ta iso.

Kwanakin da suka biyo, tuwo ya daina wuce masa. Susana, wadda ba ta san da waƙar ba, ta zuba masa ido har ta gaji.

“Mi as same ka, uban Godiya?”

“Fara ta yi ciwo.”

Ta ajiye ludayi. “Ciwo wane iri? Baba ya aiko, ya ce Lahadi ka taho da ita da wuri, wata waƙa ta zo mai. Kuma ka san ƙahwahunai sun kumbura, lokotoro ya ce zuciya ta.”

“Ki hwaɗa mai a ɗaga zuwa wata Lahadi.”

“Ni? In ce mai mi? Abin da yab ba ka amana ya lalace hannunka? Wallahi ba da bakina ba. Kuma wa yag gaya maka shina da wata Lahadi?”

Maganar ta soke shi, don gaskiya ce. Ya san mutum ɗaya ne a duk yankin da ke taɓa cikin irin waɗannan na'urori, wani Ɗayyabu a Keita, wanda ya yi shekaru yana gyaran na birorin furoje, wato babban aikin dashen itace, kafin ya buɗe ɗan shagonsa. Ranar Alhamis Nehemiya ya naɗe Fara cikin zanen Susana, ya sa a leda, ya zuba kuɗin injin takarda a aljihu, ya hau motar Buza, hanyar Keita. Damina ta fara sauka a tudun Adar. Bayan Buza suka tarar ruwa ya cika wani kwari, direba ya ce kowa ya sauka ya taka. Nehemiya ya ɗora ƙunshin a ka ya shiga, ruwa har ƙugu yana jan ƙafarsa, wata tsohuwa a bayansa tana tambaya ko jariri ne ya ɗauko. Shi kuwa hankalinsa yana kan duwatsun da yake takawa.

Ɗayyabu gajere ne mai yawan dariya, ɗan wani ƙauye ne na kan dutse, da tabon salla a goshi da turnabis, abin kwance ƙusa, a bayan kunne. Ya karɓi Fara, ya juya ta, ya sake juyawa, ya yi tsaki.

“Kyan ɗan maciji,” ya ce. “Dubi nan, Malam. Ina ƙohwa? Ina bis, ƙusar kwancewa? Waɗanda sunka yi ta ba su son hannun kowa ciki. Sun liƙe ta da gam. In ta lalace ka yas ka sai sabuwa, dabararsu ke nan.”

Ya gwada haɗa ta da babban gilashi na tebur, amma ramin da ke bayanta irin nata ne ita kaɗai, babu wayar da ta shiga. Ya zazzage kwali guda na wayoyi a ƙasa, ya gwada su ɗaya bayan ɗaya, Nehemiya yana tsaye a kansa. Babu wadda ta yi. Daga nan ya jawo wata na'ura daga ƙarƙashin tebur, ta wani kamfani dabam, baƙa, mai kauri, mai nauyi, gefenta duk ƙarzuwa. Ba wanda zai gan ta ya yi sha'awa. Ya kifa ta, sai ga ƴan ƙofofi a cikinta, kowace da ƙusarta guda.

“Wagga ita ta mashin ta talaka. Nan mamuwar, wato ƙwaƙwalwa, in ta yi maka kaɗan ka ƙara. Nan batir, in ya mutu ka hidda ka sa wani. Nan diski, wurin da rubutu ka zama. Piyas nata, kayan gyara, har Konni da Sakkwato ana samu, kuma ba su da tsada. Shekara goma tana yi maka aiki in kana canza mata abin da yag gaji.”

“Rubutun da ke cikin tawa fa?”

Ɗayyabu ya daina dariya. Ya ce hanya biyu ce. Akwai wani ɗan kasuwa a Konni da ke neman fara irin wannan ya aza bisa tebur baƙi su gani, ko tana aiki ko ba ta yi, don haka yana iya karɓar ta yadda take, ba a fasa ba, ya ba shi baƙar a madadinta, amma abin da ke ciki ya tafi ke nan. In kuwa abin ciki yake so, diskin duk iri ɗaya ne, na Fara zai zauna a cikin baƙar, sai dai babu hanyar kai wa gare shi sai an fasa ta, kuma in an fasa ba ta komawa.

“Kuma ban yi maka alkawali ba,” ya ƙara. “Zahi ya daɗe shina cin ta. Ana iya hwasawa a iske babu komi.”

Gaba kura, baya sayaki. Nehemiya ya zauna a kan benci, ya ga hannun tsohon yana shafa bayan nan mai santsi daga kusurwa zuwa kusurwa. Akwai ma hanya ta uku da Ɗayyabu bai sani ba, ita ce ta fi ba shi tsoro don ta fi sauƙi: ya mayar da Fara gida yadda take, ranar Lahadi ya buɗe ta a gaban makaho ya yi ta danna maɓallai a kan baƙin gilashi. Tsohon zai shafa, ya yi addu'a, ya rera, ya mutu da kwanciyar rai. Ba wanda zai sani sai ranar da Susana da Titus za su zo karɓar abin da ubansu ya bar musu. Ya daɗe yana juya wannan a ransa, kuma ya ji kunyar daɗewar da ya yi.

“A hwasa,” ya ce.

“Ta wa ce?”

“Ta surukina. Amana ta.”

Ɗayyabu ya ja hannunsa baya. “A'a. Kayan amana ba ni hwasa su da hannuna. Ni nuna maka wuri, kai za ka sa wuƙa.”

Haka aka yi. Ɗayyabu ya ja layi da farce a gefen na'urar, ya ce kada bakin wuƙa ya wuce rabin gaɓar yatsa, don diskin yana nan dab da bango. Nehemiya, mutumin da yatsunsa ba su taɓa kuskuren harafi ba, ya karɓi wuƙar. Ya cusa, ya murɗa. Robar ta yi ƙara ta tsage, wani ɓallin ya yi tsalle ya faɗa bakin ƙofa. Ya ci gaba har ta rabe biyu. Ɗayyabu ya zaro wani ɗan ƙarfe mai faɗin tafin hannu, ya hure shi, ya buɗe ƙofar cikin baƙar ya zura, ya ɗaure ƙusa, ya ce bisimilla, ya kunna.

Gilashi ya yi haske. Sunayen waƙoƙin suka jeru, ta shuka, ta girbi, ta Kirsimeti, duk suna nan. Nehemiya ya roƙi Ɗayyabu ya juya baya, ya buɗe ta Salome. Ga farkonta, ga tsakiyarta. Ya gangara ƙasa, sai ya ga inda baitin ƙarshe yake babu kalma ko ɗaya, sai ƴan akwatuna da alamomi barkatai. Ɗayyabu ya yi iyakar dabararsa har aka kira la'asar, ya ce wurin ya ƙone, ba mai maido shi.

Nehemiya ya rufe ido ya nemi baitin a kansa. Shi ya buga shi da yatsunsa, yana jin muryar, yana ganin hawayen, amma kalmomin sun fita ta inda aka koya musu fita. Abin da ya rage masa kawai, ya san an ambaci nisa. Ya zazzage kuɗin injin takarda ya biya baƙar, ya tattara gutsattsarin Fara har ɓallin bakin ƙofa, ya ƙulle su cikin zanen.

Ranar Lahadi ya tarar da Baba Yosefu a kishingiɗe ƙarƙashin rumfa, an tokare shi da matasai, numfashinsa yana fita da ƙyar. Susana tana can wajen murhu. Nehemiya ya tuɓe takalma, ya tsuguna, ya ajiye baƙar a kan tabarma. Tsohon ya miƙo hannu kamar kullum. Yatsunsa suka sauka a kan murfin, suka tsaya. Suka bi gefe, suka ji kauri, suka ji ƙarzuwa, suka leƙa ƙasa suka taɓa kan ƙusa. Bai yi addu'a ba.

“Wagga ba ita ba ce.”

“Ba ita ba ce, Baba.”

“Ina tawa?”

Babu Susana a tsakani yau, kuma ba ta da abin da za ta faɗa masa. Nehemiya ya kwance zanen, ya ɗauki ɓari biyun ya sa a hannun tsohon, ya yi magana mafi tsawo da ya taɓa yi a gabansa. Ya faɗi mutuwar gilashi, ya faɗi sakacinsa, ya faɗi Keita. Tsohon yana shafa bakin tsagar, har kaifin robar ya yanke shi a yatsa bai kula ba.

“Wa yah hwasa ta?”

“Ni na, Baba. Da hannuna.”

“Na ce a riƙa ta da kyau.”

“Kun ce.”

Susana ta bar murhu ta matso bakin rumfa. Nehemiya ya sunkuyar da kai yana jiran a ce ya tashi ya fita, kuma ya san in aka ce haka bai da bakin magana. Tsohon ya ajiye ɓarin a gefensa a hankali.

“Uwar Titus fa? Tana ciki?”

“Tana nan, Baba. Amma baitin ƙarshe ya ƙone. Na neme shi ga kaina ban samu ba.”

“Karanta in ji.”

Nehemiya ya dubi Susana, ya ce, “Akwai mutum, Baba.”

“Na ji tahiyarta. Bar ta. Karanta.”

Ya buɗe baƙar ya karanta. Salome ɗiyar mutanen Bangi, wadda ta bar gero cikin turmi ta ce tana zuwa. Salome da ta bi shi garin da ba ta da kowa, danginta suka daina cin tuwonta. Susana ta dafe ginshiƙin rumfa, don ba ta taɓa jin sunan uwarta a cikin maganar ubanta ba. Da ya kai inda akwatunan suka fara, ya tsaya.

Tsohon ya yi ta numfashi. Nehemiya bai roƙe shi ba, an hana shi, kuma bai ga ta inda mai wannan ƙirji zai iya ba. Sai ya ji muryar ta taso, siririya, tana yankewa tana dawowa, a kan amon waƙar daka:

Salome, aje tulun ki huta,
jira ni nan bakin rijiya,
rana ta yi sanyi, na gama noma,
ga ni tahe, saura kaɗan.

Yatsun Sakatare suka bi ta har ƙarshe. Ya dubi abin da ya buga, kuma karo na farko a rayuwarsa ya yi wa surukinsa gyara.

“Baba, ku gahwarce ni. Wancan karon ba haka ta ƙare ba. Akwai nisa ciki.”

“Wancan karon tana da nisa,” in ji tsohon. “Rubuta wanga.”

A ranar Nehemiya ya zuba waƙar a disket, ya kuma zauna ya kwafe ta da alƙalami, Susana na riƙe masa takarda. Baƙar ta yi masa aiki shekaru masu yawa, ya ƙara mata mamuwar, ya canza mata batir, ya buga wa rabin Madawa takardu da ita ya manta da su duka kamar yadda ya saba. Layukan nan huɗu ne kaɗai suka ƙi fita ta yatsa, har ya tsufa in yana aiki sai a ji yana rera su ƙasa-ƙasa. Baba Yosefu kuwa bai ga girbin geron wannan shekara ba.